Yaro Mai Bin Sawu: Labarin Bincike na Yara da Abin da Kwarin Komadugu Zai Yi da Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi nau'in ƙagaggen labarin da ake sa yaro ko yarinya su warware wani ɓoyayyen al'amari ta hanyar lura da kafa hujja. Ta bi tasowarsa a Turai da Amurka, sannan ta nuna cewa ginshiƙinsa, wato karanta alama, tsohon ilimi ne a wurin makiyaya da masunta da manoman jihar Diffa ta Nijar. Ra'ayin da take karewa shi ne, idan za a rubuta wa yaran Komadugu irin wannan labari, to babban aikin jarumin ya zama wanke wanda aka zarga bisa zato.

Gabatarwa



Tun daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, ƙagaggen labarin Hausa bai rasa ɓarayi ba, bai rasa masu wayo ba, bai kuma rasa alƙalai masu basira ba. Magana Jari Ce cike take da su. Abin da bai kafu a wurinmu ba, kamar yadda labarin soyayya da na jarumtaka suka kafu, shi ne jerin littattafan da yaro ɗaya ko ƙungiyar yara ke dawowa littafi bayan littafi, kowane karo da sabuwar matsalar da ta gagari manya. Yaran wasu ƙasashe sun kusa shekara ɗari suna rububin irin waɗannan littattafai, kuma da yawansu ta wannan ƙofa suka shiga son karatu. Tambayata a yau ita ce: me yaron Diffa zai samu a ciki, kuma me ya kamata a sauya kafin a miƙa masa?

Yadda nau'in ya tashi

Labarin bincike na manya ya riga na yara. Edgar Allan Poe ya buɗe hanyar a Amurka a 1841, Sherlock Holmes ya bayyana a Ingila a 1887. Holmes kansa yana da yaran titi da yake aika su leƙo masa gari, amma ƴan aike ne kawai, tunanin nasa ne. Sai a ƙarshen shekarun 1920 aka miƙa wa yara tunanin.

A 1929 Erich Kästner ya fitar da labarin Emil a Jamus. Yaro ne ɗan talakawa, uwarsa ta ba shi maki 140 ya kai birnin Balin wurin kakarsa. Don tsoron ɓata, ya sa fil ya maƙale takardun kuɗin a cikin aljihun rigarsa. Barci ya ɗauke shi a jirgin ƙasa, wani mutum ya zare kuɗin. Yaran birni suka taru suka taya shi bin mutumin har banki. A nan ne labarin ya kai inda nake so mu lura: babba ya ce kuɗinsa ne, yaro ya ce nasa ne, wa za a gaskata? Emil ya ce a ɗaga takardun a duba, za a ga hudar fil a jikinsu. Aka duba, aka gani. Ƙaramar huda ta rinjayi girman mutum da kyan tufafinsa.

A Amurka kuwa abin ya zama sana'a. Edward Stratemeyer ya kafa kamfanin da ke tsara labari ya ba marubutan haya su cike shi, a buga da sunan aro. Daga nan Hardy Boys suka fito a 1927, Nancy Drew ta biyo baya a 1930 da sunan Carolyn Keene a bango, alhali Mildred Wirt Benson ce ta rubuta 23 daga cikin littattafai 30 na farko. A Ingila Enid Blyton ta rubuta littattafai 21 kan yara huɗu da karensu tsakanin 1942 da 1963. Waɗannan su ne suka iso ƙasashenmu ta harshen Faransanci da sunan Le Club des Cinq, kuma abin lura, masu fassarar ba su bar yaran a Ingila ba. Sun sauya musu sunaye, sun mayar da su gaɓar tekun Faransa. Nancy ma ta koma Alice. Faransawa sun gane cewa yaro ya fi bin labarin da ya san ƙasarsa. Shi ya sa suka ƙirƙiro nasu a 1961: Fantômette ta Georges Chaulet, da Les Six Compagnons na Paul-Jacques Bonzon, yaran wata unguwar ma'aikata a birnin Liyon.

Harsunan Afirka ma sun gwada labarin bincike, ko da yake na manya. Muhammed Said Abdulla ya ƙirƙiri Bwana Msa da Sawahilanci a Zanzibar a 1960, Oladejo Okediji da Kola Akinlade suka yi nasu da Yarbanci. Saboda haka babu wanda zai ce nau'in ba ya zama a bakin Baƙar fata.

Amfaninsa da dafinsa

Sigar labarin sananniya ce. Wani abu ya ɓace ko ya faru. Manya sun yanke hukunci da wuri. Yaro ya ga wani ɗan abu da ba wanda ya kula da shi. Marubuci kuma yana da alkawari tsakaninsa da mai karatu: duk alamar da jarumi ya gani sai an nuna wa mai karatu ita, ba a kawo aljani ko mafarki a shafi na ƙarshe su warware matsala. Wannan alkawari shi ne darajar nau'in a fagen ilimi. Yaron da ke karanta shi dole ya riƙe abin da aka faɗa a shafi na goma ya gwada da na shafi na arba'in. Dole ya raba abin da mutum ya gani da abin da ya ji an ce. Gwajin PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaran Nijar goma da ke kammala firamare, ko ɗaya cikakke bai kai matakin da ake buƙata a fahimtar karatu ba. A 2019 an samu ci gaba zuwa kusan uku cikin goma. Matsalar ta wuce haɗa baƙaƙe. Yaro yana iya furta jimla sarai bai san me ta ɗauko ba. Littafin da ke sa shi komawa baya da kansa don neman inda aka ɓoye masa alama yana yin aikin da bulala ba ta yi.

Amma akwai dafi a cikin tsofaffin littattafan, kuma bai kamata mu rufe ido a kansa ba. Sau da yawa mai laifi baƙo ne, ko mai yawo marar gida, ko mai wata irin fuska da wani irin lafazi. Tun kafin a kawo hujja an riga an nuna wa yaro wanda zai ƙi. An soki Blyton a kan haka, kuma daga 1959 masu buga Nancy Drew suka shiga sake rubuta tsofaffin littattafan, ɗaya daga cikin dalilan shi ne cire kalaman raina wasu jinsuna. Wannan dafi, in aka zuba shi a Diffa ta yau, ɓarnarsa za ta fi ta ko'ina. Zan dawo kan dalili.

Tushen da muke da shi a gida

Malaman tarihi na Musulunci, irin su Ɗabari da Mas'udi, sun kawo labarin ƴaƴan Nizar huɗu: Mudar da Rabi'a da Iyad da Anmar. Suna tafiya suka haɗu da mai neman raƙuminsa. Ba su ga raƙumin ba, amma suka siffanta shi: mai ido ɗaya ne, domin gefe guda kawai ya ci na ciyawa, ƙafarsa ɗaya ta karkace, domin sawunta ya bambanta, ba shi da wutsiya, domin kashinsa a tare yake wuri ɗaya, kuma gujajje ne, domin yana barin ciyawa mai kyau ya wuce gaba. Me mai raƙumi ya yi? Ya ce su suka sace. Sai da aka je gaban alƙalin Najran suka bayyana yadda suka karanta ƙasa, sannan aka sallame su. Irin wannan labari ne ya bi ta Farisa ya shiga Turai, har Voltaire ya sa shi a bakin Zadig a ƙarni na 18, masana kuma suna lissafa shi cikin kakannin labarin bincike.

Mafi kusa da zuciyar kowane yaro da ya zauna gaban allo shi ne ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Zargi ya hau kansa, mai zargi kuma tana da matsayi. Wani mai shaida daga cikin danginta ya ce a duba rigar, ta gaba ta yage ko ta baya. Aka duba. A labaran nan biyu, alama ta zo ne ta kuɓutar da wanda aka ɗora wa laifi. A ganina wannan shi ne bambancin da ya kamata marubucinmu ya riƙe. Turawa sun gina nau'in a kan kamun ɓarawo. Mu abin da muka gada ya fi karkata ga wanke marar laifi.

Ilimin kuma bai tsaya a littafi ba. Duk wanda ya san daji tsakanin Maine-Sorowa da Ngigmi da Ngurti ya san masu bin sawu. Batube ko Balarabe ko Bafulatani zai dubi rairayi ya gaya maka raƙuma nawa suka wuce, wanne ke ɗauke da kaya, wanne ke ɗingishi. Zai san sawun na dare ne idan ƙwari sun bi ta kansa, ya san na jiya ne idan iska ta cinye gefensa. Kowane dangi na da shaidar da yake ɗora wa dabbarsa, kuma yaran makiyaya suna haddace waɗannan shaidu tun kafin su san baƙi da wasali. Ɗan masunci yana gane ƙullin koma ya ce na wane gari ne. Almajirin Barno yana duban allo ya gane hannun wanda ya rubuta. Yaran Komadugu sun riga sun iya abin da Holmes ke burge Turawa da shi. Littafi ne kawai bai zo ya gaya musu cewa abin da suka iya ilimi ne ba.

Diffa a matsayin filin labari

Kogin Komadugu Yobe yana samun ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are a Najeriya, ya zama iyaka tsakanin ƙasashen biyu na kimanin kilomita 150, ya faɗa tafkin Cadi a wajen Boso. Ruwansa yana isowa Diffa wajen watan Yuli, ya cika maƙil wajen Nuwamba da Disamba, ya janye da bazara ya bar ƙududdufai. Madatsun Tiga da Challawa a ƙasar Kano sun sauya tafiyarsa tun daga 1974 da 1992. A gaɓarsa ake noman jan tattasan da ya yi suna har kasuwannin Najeriya, ga shinkafa, ga kifin banda, ga kanwa da gishirin Manga a kwaruruka, ga shanun Kuri masu kumburarren ƙaho a tsibirai. Barebari, Mangawa da Mobawa, su ne mafi yawa, tare da Fulani da Tubawa da Buduma da Larabawa da Hausawa. Marubucin da aka ba wannan ƙasa bai da uzurin aron gidan sarauta mai ɓoyayyar ƙofa daga Ingila.

Sai dai Diffa ba wannan kaɗai ba ce. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi na wani lokaci don toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi. A watan Mayu na shekarar aka kwashe mutanen tsibirai. Makarantu fiye da ɗari suka rufe. Bayan harin Boso na Yunin 2016 bukkoki suka jeru a gefen babbar hanya ta ɗaya. Mutanen Damasak da Malam Fatori suka tsallako, wasu suka zauna a sansanin Sayam, mafi yawa suka shiga gidajen jama'a. Daga baya aka buɗe cibiyar tubabbu a Gudumariya, wasunsu suka koma cikin al'umma. Yaron da aka haifa a shekarar harin farko yanzu ya kai shekarun karanta irin littafin da muke magana a kai. Ya tashi a garin da ake yawan tambayar wane ne wannan, daga ina ya zo, ɗan uwan wa ne. Ya ga yadda kalma ɗaya ta wani ke iya sa a tafi da mutum.

Shi ya sa na ce dafin tsofaffin littattafai zai fi ɓarna a nan. Labarin da ya koya wa yaron Diffa cewa baƙo ne ɓarawo, ya ƙara itace a wutar da ke ci. Labarin da ya koya masa ya tambayi mai zargi, “Da idonka ka gani, ko ji ka yi?” ya ba shi abin da zai kare maƙwabcinsa da shi, ya kuma kare kansa.

Ƙorafin da iyaye za su yi

Ƙorafi uku nake hange, kuma dukansu suna da nauyi.

Na farko na addini ne. Suratul Hujurati ta hana yawan zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Uba zai ce, kana koya wa ɗana leƙe da laɓe? Amsar tana cikin surar kanta, domin ita ce ta yi umarni a tabbatar da labari kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Jarumin da nake nufi ba ya laɓe a bayan darni, ba ya buɗe adakar kowa. Abin da ke fili yake dubawa: sawu a hanya, ɗinki a bakin buhu, maganar da aka yi a bainar jama'a. Kuma ba ya farawa sai an riga an zargi wani. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, in ji Bahaushe, kuma yaƙi da zato shi ne sana'ar wannan yaro.

Na biyu na tarbiyya ne. Nancy Drew tana da motarta, tana tsayawa gaban manya ta ƙaryata su. A wurinmu yarinyar da ta yi haka a gaban bulama ta zubar da mutuncin gidansu, ko da gaskiya ta faɗa. To amma al'ada ta bar ƙofa a buɗe: wasan jika da kaka. Abin da yarinya ba za ta iya gaya wa ubanta ba, tana gaya wa kakarta cikin raha, kaka kuma ba wanda ke hana ta magana a zaure. Haka wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani, wanda yake cikin al'adar barkwancin Nijar da UNESCO ta sa a jerin al'adun gado na duniya a 2014, yana ba yaro damar faɗin magana mai ɗaci ba tare da faɗa ba. Marubucin da ya iya amfani da waɗannan zai samu abin da Blyton ba ta taɓa samu ba.

Na uku shi ne mafi tsanani, kuma a kansa ba na sassautawa. Kada a rubuta labarin da yara ke bin sawun masu bindiga. A yankin da mayaƙa suka yi amfani da yara, aka kuma tsare yara bisa zargi, littafin da ke sa yaro sha'awar zama ɗan rahoto zai iya jawo asarar rai. Matsalolin su zama na rayuwar yau da kullum: tunkiyar layya da ta ɓace, injin ban-ruwa da aka kwance, kuɗin adashi da suka yi ƙafa, jakar makarantar da aka musanya. Ƙarshen labari kuma ya zama a zauren bulama ko lawan, inda ake mayar da kaya a nemi gafara, ba lallai sai a ofishin jandarma ba.

Misali

Bari in zana ƙashin labari ɗaya na ƙirƙira don a ga yadda abin zai kasance. A wani ƙauye na bakin kogi, cikin watan Nuwamba, buhu uku na busasshen tattasai, ragowar na bara, sun ɓace daga rumfar wani manomi. Gari ya ɗora wa wani saurayi ɗan gudun hijira da ke kwana kusa da wurin. Wani mutum ya rantse ya gan shi da asuba yana tsallaka kogi da ƙafa, buhu a ka. Falmata, ƴar shekara goma sha ɗaya, jikar mai tattasan, ta ji wannan shaida ta yi shiru. Abokinta Bafulatani ya nuna mata sawun amalanken jaki a bayan rumfa, tayar hagu da faci, ya nufi arewa, ba wajen kogi ba. Ƙaninta almajiri ya ga buhuna a kasuwar mako, bakinsu da irin ɗinkin da kakansu kaɗai ke yi, domin shi bahago ne. Da dare Falmata tana matsa wa kakarta ƙafa sai ta ce, “Kaka, ke da kika tsufa a garin nan, kin taɓa ganin wanda ya tsallaka Komadugu da ƙafa a wannan wata?” Tsohuwa ta tashi zaune.

Duk yaron garuruwan kwarin, irin su Geskeru ko Shetimari, zai riga Falmata gano ƙaryar, domin ya san kogin a cike yake a lokacin, sai da kwalekwale. Wannan jin daɗin na cewa “ni ma na sani” shi ke sa yaro ya nemi littafi na biyu. Yaron Yamai ko Kano kuwa zai koyi yadda kogin yake ba tare da an zaunar da shi darasin labarin ƙasa ba. Mai laifin a ƙarshe ɗan gari ne da bashi ya ci, kuma labarin bai kamata ya wulaƙanta shi ba.

Harshe, bugu da kira

Da wane harshe za a rubuta? Kundin mulkin da aka zartar a Nijar a watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, kuma ita ce harshen kasuwa a garin Diffa. Amma harshen uwa na yawancin yaran kwarin Barbarci ne, yana kuma cikin harsuna biyar da aka yi gwajin koyarwa da su bayan buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973. Mu masu kishin Hausa bai dace mu yi wa Barbarci abin da muke kukan Faransanci ya yi mana ba. A buga shafi da shafi, Hausa a dama, Barbarci a hagu. Littafin ya zama siriri, mai zane, wanda kuɗinsa bai fi ƙarfin mai sayar da ƙosai ba. A kuma karanta shi a gidajen rediyon al'umma kashi-kashi, a tsaya kafin warwara, a bar yara su kira su faɗi nasu hasashen.

Ƙasar nan ba baƙuwar alƙalami ba ce. A Gudumariya aka haifi Abdoulaye Mamani a 1932, wanda ya ba duniya Sarauniya a 1980. Boubou Hama, duk da girmansa a siyasa da tarihi, bai raina rubuta wa yara ba. Jami'ar Diffa tana nan tun 2014, cibiyar nazarin ilimi ta INDRAP tana Yamai, akwai kuma kamfanoni irin su Gashingo da suka saba buga littattafan yara da harsunan gida.

Kirana ga malaman makaranta na jihar Diffa ne kafin kowa, domin ku kuka san abin da ke ba yaran nan dariya da abin da ke hana su barci. Ku zauna da masu bin sawu da masunta da tsofaffin mata ku rubuta alamomin da suka sani tun suna raye. Ku kuma, malamaina na sassan harsuna, ku sa gasa, ku karɓi irin wannan rubutu a matsayin aikin kammala karatu, ku duba shi da tsananin da kuke duba waƙa da wasan kwaikwayo. Littafi goma na farko sun isa a fara.